Jawabin baffan ango ya ɓace a bidiyon biki, oga bai san ni na jawo ba

Saƙon wannan karon daga Zariya ya zo, wani matashi ne da yake koyon editin a shagon masu ɗaukar biki, wata takwas kenan yana wajen. Na ɗan rage saƙon don yana da tsawo. Ga abin da ya ce:

"Salam yaya, dan Allah ina cikin damuwa. Oga ne ya haɗa cikakken bidiyon wani biki a Premiere Pro, kamu da ɗaurin aure da dina, wajen awa biyu, sai yace in cire masa ɗan gajere wanda amarya za ta sa a Instagram. Na yi Duplicate na taimlayin ɗinsa kamar yadda ya koya min don kar in taɓa nasa, na shiga cikin dinar na yanke jawabai harda na baffan ango. Washegari yace in fitar da cikakken in zuba a filash, na fitar ban kalla ba. Dangi sun taru a falo sun kunna, babu jawabin baffa, sunansa ma sai ya fito a ƙasan allo lokacin da ƙawayen amarya ke rawa, ƙarshen dinar kuma allo yai baƙi ƙirin na mintuna. Yanzu dangin ango na cewa dangin amarya ne suka sa aka cire don dama akwai 'yar tsama. Oga yana ta zagin kwamfuta wai bairos ne. Ni na san bayan aikina abin ya faru amma ban gane ta yaya ba tunda kwafi na taɓa. In faɗa masa? Kuma anya ba gara in koma taimlayin ɗaya ba kamar yadda nake yi a waya?"

Ƙanina wa alaikassalam. Da farko ka kwantar da hankalinka, jawabin baffa yana nan bai je ko'ina ba, muddin dai ba a goge fayilolin da aka kwaso daga kyamara ba. Kwamfutar ogan naka kuma lafiyarta ƙalau, babu wani bairos, abin da ka sa ta ta yi, kai ne dai baka san ka sa ta ba. Shi taimlayin ɗin nan, wato layin da ake jera guntayen bidiyo a kai, wanda manhajar editin ta Premiere ke kira sikwens, babu bidiyo a cikinsa fa. Takardar lissafi ce kawai da take cewa je fayil kaza ɗauko min daga minti 3 zuwa minti 5, bayansa sa min na fayil kaza, rage sautin nan, sa rubutu a can. Shi yasa zaka ga fayil ɗin firojek na biki guda bai wuce 'yan megabait ba, alhali bidiyon da aka ɗauka ya cika had disk. In ka yanke abu a taimlayin, layi ɗaya ka soke a takardar, kayan suna can a rumbu ko ƙwaya bata ragu ba.

Toh ta ina ɓarnar ta biyo tunda kwafi ka taɓa? Amsar tana cikin saƙonka, inda kace "na shiga cikin dinar". Ban ga firojek ɗin ba amma ko na rantse ba zan yi kaffara ba, dinar nan a taimlayin ɗin oga guntu ɗaya ce doguwa koriya, ba tarin ƙananan guntaye ba, kuma sau biyu ka danna ta sai wani shafi ya buɗe ka ga yanke-yanken a ciki. Wannan shi ake cewa nes. Oga ya haɗa dinar a sikwens ɗinta daban, sannan ya ɗauko ta dunƙule ya ajiye a cikin babban. Da ka yi Duplicate babbar takardar kaɗai aka kwafa maka, ita kuma abin da ke rubuce a wajen shi ne a nan a nuna sikwens ɗin dina, kaga kenan takarda biyu ce amma dina ɗaya suke nunawa. Kamar gida ne mai ƙofa biyu, ka shiga ta ƙofar baya ka kwashe kujerun falo, ai wanda ya shigo ta zaure ba zai tarar da kujeru ba don kawai ba ta ƙofarsa ka bi ba.

Duk abin da dangin nan suka gani a talabijin daga nan ya fito. Ka cire jawaban, abin da ke bayansu ya matso gaba ya cike gurbi, dinar ta gajarce a ciki, amma koriyar guntuwar da ke babban taimlayin tsawonta bai canja ba don ita Premiere bata rage ta da kanta, sai wutsiyarta ta zama fanko, fankon nan shi ne baƙin allon. Da ka duba ma da ka gan shi, zane-zane ne a karkace kamar jikin jakin dawa a ƙarshen guntuwar. Sunan baffa kuma oga a saman nes ɗin ya ɗora shi a babban taimlayin, shi yana nan a mintin da aka ajiye shi, hoton da ke ƙarƙashinsa ne ya zame, sai ga sunan dattijo a kan 'yan mata suna rausaya. Wallahi da na karanta wajen sai da na yi dariya, ka yafe min, na san kai ba abin dariya bane a wajenka.

Yanzu gyara. Kafin komai kar ka sake buɗe firojek ɗin nan kana aiki a ciki, kuma ka roƙi oga shima ya dakata. Je foldar da fayil ɗin firojek yake, a gefensa akwai wata folda da aka rubuta Adobe Premiere Pro Auto-Save, a ciki akwai tsofaffin kwafin firojek ɗin da manhajar ke ajiyewa da kanta, kowanne da kwanan wata da lokaci a sunansa. Ka kwafe foldar gaba ɗaya zuwa wani waje tukuna. Dalilin gaggawar shi ne in ba a taɓa saitin ba guda 20 take riƙewa, sabo ya shigo mafi tsufa ya fita, in duk minti 15 take ajiyewa kaga aikin awa 5 ya isa ya cinye wanda kake nema. Ka nemo wanda lokacinsa ya riga lokacin da ka zauna yin na Instagram, ka buɗe, ka shiga dinar, in baffa yana nan yana jawabinsa toh shikenan ka tsira, daga nan ma za a iya fitar da cikakken. In kuma oga ya yi wasu gyare-gyare daga baya da ba a so a rasa, sai a buɗe firojek na yanzu a yi Import na tsohon, zai tambaya ko duka ake so ko wasu sikwens aka zaɓa, sai a ɗauko dinar kaɗai.

In an yi rashin sa'a tsofaffin sun shuɗe, aikin hannu ne kuma ba mai yawa bane. Amma ka kula da abin da zaka fara, don nan mutane ke sake faɗawa ramin da suka fito. Ka fara zuwa jerin kayan firojek ka nemo sikwens ɗin dinar, watakila ma sunanta Nested Sequence 01 in oga irin mu ne masu ƙyuyar sa suna, ka yi Duplicate nata ita kanta, ka sa wa kwafin suna dina ta Instagram. Ka koma gajeren taimlayin naka, ka riƙe Alt ka jawo kwafin ka sake shi a kan koriyar guntuwar, zai maye gurbinta. Yanzu gida ya zama biyu kowa da falonsa. Sannan ka buɗe dinar asali ka je inda ka yanka, ka danna B a kibod ka kama bakin guntun ka ja, in daga jikinsa ka yanke jawabin zai warware ya dawo yana tura na bayansa. In kuma guntun gaba ɗaya ka goge, tsaya a na kusa da shi ka danna F, zai buɗe maka asalin fayil ɗin, daga lambarsa zaka gane na gaba da shi a folda. Kar ka manta da sauti, in an ɗauki muryar daga mikisar mai kiɗa daban da na kyamara sai ka sake daidaita su da bakin mai magana. Ma'auninka na cewa ka gama shi ne zanen jakin dawan nan ya ɓace a babban taimlayin, sunan baffa kuma ya dawo kan baffa.

Maganar komawa taimlayin ɗaya kuwa, a'a, ban baka wannan shawarar ba ko kaɗan. A waya da kake yi bidiyon minti ɗaya ne ko biyu. Biki na kwana uku da kyamara biyu ko uku, ga uwar amarya tana son cikakke, ga amarya tana son na tsaye, ga ango yana son ɗaurin aure kaɗai ya tura wa abokansa da basu samu zuwa ba, in ka zuba duk wannan a layi ɗaya kana ajiye wani can gefe bayan awa ta uku, ranar da zaka goge wani abu da ripul, wato gogewar da take cike gurbi da kanta, duk na bayansa zai motsa baka sani ba, kuma ɓarnar sai ta fi wannan. Ga shi na tsaye da na kwance ma ba sa zama a sikwens ɗaya, girman hoton na kwance 1920 da 1080 ne, na tsaye 1080 da 1920.

Bari in faɗa maka yadda ni nake yi, ba wai shi kaɗai ne daidai ba. Kowace rana ta biki ina mata sikwens na zuba, in jera duk abin da aka ɗauka bi da bi yadda ya faru, ban yanke komai, kuma bayan na jera ban ƙara taɓa shi, shi ne rijiyata. Daga shi nake ɗebowa zuwa sikwens na aiki. Kuma ba sai kana tsalle daga shafi zuwa shafi ba, ka buɗe su biyun, ka kama sunan ɗaya a saman taimlayin ka ja shi sama har wajen ya canja launi ka saki, sai su hau kan juna ɗaya sama ɗaya ƙasa, Turawa suna ce masa fankeke. Na zuba a sama, na aiki a ƙasa, kana kallo ka ga inda amarya ta yi murmushi ko inda aka fara liƙi sai ka yanka ka jawo ƙasa, na saman yana nan yadda yake. Tunda na koyi wannan aikin kamu da yake cin min yini ya koma rabin yini, kuma abin da nafi so a ciki shi ne ina ganin abin da ban ɗauka ba, don a biki abin da ka bari shi ke jawo maka waya da daddare, wai ina gwaggo wance, ai ta zo tun daga Funtuwa.

Gajeren da za a sa a Instagram ko a situs, sabon sikwens zaka buɗe masa fanko, ka kwafo guntayen da kake so ka zuba, don guntun da aka kwafa aka liƙa cin gashin kansa yake, yanka shi yadda ka ga dama na can ba zai ji ba. Akwai ma wani ɗan maɓalli a kusurwar hagu ta saman taimlayin, ƙarƙashin lambobin lokaci, shi ne na farko a jerin, in yana kunne ka jawo sikwens cikin wani dunƙule zai shigo a matsayin nes, in ka kashe shi a warwatse zai shigo guntu-guntu. Mutane da yawa sun shekara suna aiki basu san aikin maɓallin nan ba. In ana sauri akwai Auto Reframe da zai mayar maka da na kwance ya koma na tsaye yana bin motsi, amma a taron biki sai ka bi shi da ido, don shi bai san wace ce amarya ba, wanda ya fi motsi yake bi, sau da yawa maroƙi ne.

Kar kuma ka tsani nes saboda wannan, halin nan nasa da ya cuce ka shi ne amfaninsa. Buɗewar bidiyo mai sunan ango da amarya da kwanan wata da tambarin shago, ita nes ta dace da ita, don ranar da aka kira aka ce an yi kuskuren harafi a sunan amarya, waje ɗaya zaka gyara ya gyaru a cikakke da gajere da na ango duka. Tambayar da nake wa kaina kafin in dunƙule abu ita ce, in na canja shi ina so ya canja ko'ina? In eh, nes. In a'a, kwafi. Kuma ba a Premiere kaɗai abin yake ba, in wata rana ka koma manhajar editin ta DaVinci Resolve, wanda yake da na kyauta kuma shima yana jera taimlayin biyu sama da ƙasa, ka jefa taimlayin cikin taimlayin haka zai maka, maganinsa can Decompose in Place ne yake warware shi. Masu manhajar Final Cut a kwamfutar Mac su har wani kwafi na musamman aka yi musu mai suna Snapshot da yake daskarar da abin da ke cikin ƙunshin, wato irin nes ɗinsu, saboda irin wannan matsalar taka, kaga kenan ba kai ka fara ba. Abu ɗaya da Resolve ke da tsauri a kai shi ne adadin firem, wato yawan hotunan da ke wucewa a sakan ɗaya, da zarar ka zuba guntaye a taimlayin ba ya bari ka canja, don haka tun farko ka san 25 kake aiki da shi ko 30, musamman in an haɗo maka da bidiyon waya.

Sai suna. Dan Allah ka riƙa sa suna. Ni kaina na taɓa kai wa mutane bidiyon da ba shi ba, shekarun baya, ina da Sequence 04 da Sequence 04 Copy da wani Copy ɗin na Copy, an ɗauke wuta batirin laftof yana ja, na danna Ctrl da M cikin sauri, ita kuwa manhajar wanda ke gabanka a lokacin shi take fitarwa, sai ga shi na ba su wanda ban gyara sauti ba, ƙarar janareta ta danne sigar ɗaurin auren gaba ɗaya. Tun daga ranar sunan biki, sai sashe, sai lamba, kamu 1 kamu 2, duk lokacin da zan yi babban canji sai in kwafa in ƙara lamba, tsofaffin in tura su wata folda a cikin firojek mai suna tsoho, wanda aka miƙa wa masu biki kuma in rubuta masa an bayar da kwanan wata in kulle layukansa da ɗan kwaɗon nan na gefe. Ka dai sani kwaɗon ba ya kare abin da ke cikin nes, sai ka shiga ciki ka kulle can ma. Kwafin sikwens ba ya cin waje, ka yi goma in kana so. Kuma rufe shafin sikwens ba goge shi bane, yana nan a jerin firojek, ka rufe waɗanda baka aiki da su idonka ya huta.

Yanzu bari in faɗa maka inda laifinka yake na gaskiya, don ba a nes yake ba, wannan ba a koya maka ba. Laifinka ka fitar da aikin awa biyu ka zuba a filash baka kalla ba. Ba ina cewa ka zauna awa biyu ba, ka danna maɓallin nan mai karkataccen layi da ke saman Enter taimlayin gaba ɗaya ya shigo allo ka ƙare masa kallo, sannan fayil ɗin da ya fito ka buɗe ka ja shi daga farko zuwa ƙarshe kana tsayawa nan da can, minti biyar ya isa, baƙin allo na mintuna ba ya ɓuya.

Oga kuwa ka faɗa masa, yau ba gobe ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shi da ya dunƙule dinar da hannunsa, ran da ya huce ya buɗe ta zai ga yankan kuma ya san ba bairos ke yanke jawabi daidai inda ya fara ya tsaya daidai inda ya ƙare ba. Gara ya ji daga bakinka. Ga kuma haɗarin da yake kusa, mutumin da ya yarda bairos ne gobe zai iya kai kwamfutar a yi mata fomat, foldar Auto-Save ɗin ta tafi, wata ƙila harda fayilolin wasu bukukuwan. Ka same shi shi kaɗai ba a gaban sauran yaran shago ba, kace oga na gano abin da ya faru kuma daga wajena ne, ka buɗe ka nuna masa, ka nuna masa gyaran in ka riga ka yi a kwafi. Kar ka tsaya cewa ai baka gaya min akwai nes ba, ko da gaskiya ne, bar shi ya faɗa da kansa in ya ga dama. Zai yi faɗa, wata ƙila ya cire maka wani abu a kuɗin sati, ka shanye.

Abin da ya fi damuna ma ba shagon bane, auren ne. Ana can ana zargin mutanen da basu ji ba basu gani ba, amarya ko wata bata yi a ɗaki ba an fara ce mata danginku sun wulaƙanta baffanmu. Wannan ba gyaran fayil kaɗai zai wanke shi ba, don in an kai sabon filash shiru za a ce ai da muka yi magana ne suka mayar. Ka roƙi oga ku je tare, ko ya je da kansa in yana ganin zuwanka zai ƙara zafi, a samu baffan a gidansa a durƙusa a gaishe shi a ce Baba kuskure ne daga shagonmu wajen haɗa aiki, babu wanda ya sa mu, a kuma kira uwar amarya a faɗa mata haka don ta samu abin faɗa. Ku tafi da filash biyu, ɗaya cikakken bikin, ɗaya kuma jawabinsa kaɗai daga bismillah har tafi, da sunansa a ƙasa daidai, a ƙaramin fayil da zai shiga WhatsApp ya tura wa wanda yake so. Wannan ma sabon sikwens zaka buɗe masa, ka kwafo guntayen, kar ka jawo dinar dunƙule.